Watandar Motar Habibu

Katirel tara ne suka shigo tashar Madarunfa a shekarar 1991, kuma Habibu ne ya tuƙo ta farko. Ina zaune gindin itacen bedin da nake facin taya ya tsaya gabana, ya leƙo ta taga ya ce in tashi in gaida Hajiya. Na duba cikin motar ban ga kowa ba. Ashe motar ce Hajiya, don fara ce tas, kuma ba ta son gaggawa.

Ni da Habibu unguwa ɗaya muka tashi, ta bakin tabki. Ubansa masunci ne, nawa manomi. Mun yi lakwal, makarantar boko, tare shekara huɗu, aka sallame mu rana ɗaya. Ni na tsaya gida. Shi ya tafi Maraɗi ya shiga gareji, ya shekara bakwai yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane kafin ya samu aikin shofer, yana tuƙa mota a wani furoje na Turawa masu haƙa rijiyoyi. Da furojen ya ƙare aka yi gwanjon motocinsa, mutanen garinmu da na Safo suka saye tara. Habibu ya sayar da rabin gonar gadonsa ya karɓi wadda ya saba tuƙawa.

Ga wanda bai san ta ba, Katirel ƴar ƙaramar mota ce ta Faransa, mai ƙofa huɗu da ta biyar a baya wadda ake ɗagawa sama. Sandar giyarta ba a ƙasa take ba, daga gaban shofer take fitowa kamar mariƙin lema, a tura a jawo da hannun dama. An yi ta don mutum huɗu. A hanyar Gabi takan ɗauki bakwai, da buhun wake biyu, da akuya a baya tana leƙen wuyan mutane. Manyan motoci sun riƙe hanyar Maraɗi da Ɗan Isa, suka bar wa Katirel rairayin Gabi da ƙauyukan da ke bayanta.

Habibu mutum ne mai ƙirga motoci. Idan ya je Maraɗi sai ya dawo mini da labarin Katirel nawa ya gani: ta wani malamin lakwal, ta wata ungozoma, ta wani fadan coci da ke zuwa kasuwa sayen albasa. In ya yi zuwa biyu bai ga ɗaya ba, sai ya ce ta riga mu gidan gaskiya. Ya san ƙarar kowacce a cikin taran nan tamu. Yana shan shayi, baya ga hanya, zai ce ga ta wane nan, kuma bujinta ɗaya, wato fulogi, ba ya ci.

A wurina mutum ne mai kirki, zan faɗa ko a gaban wa. Da uwata ta yi ciwon ido, sau shida ya kai ta Maraɗi ya dawo da ita, bai taɓa bari na sa hannu a aljihu ba. Ranar da aka haifi ɗiyata ta fari shi ya fara zuwa da goro. Amma na yi niyyar faɗin rayuwarsa yadda take, don ya tsani a shafa wa tsohon fenti sabo ba a kankare ba.

A farkon 1994 aka karya darajar kuɗin sefa. Kayan gyaran Katirel suka yi tsada a Maraɗi, daga baya suka ɓace gaba ɗaya, aka ce can ƙasarsu ma an daina ƙera ta. Masu Katirel suka gwada Jibiya da Katsina. Can kuwa Fijo aka sani, in ka nuna musu ƙarfen Katirel sai su tambaye ka ko na keken ɗinki ne. Ya zama babu inda Katirel za ta samu abin gyara sai a jikin ƴar uwarta.

A gindin bedina aka yi dokar, kuma Habibu ne ya kawo ta. Ya ce mota kamar saniya ce, in ta fara rama a yanka ta tun da ranta, kada a jira ta zama mushe. Duk Katirel ɗin da ta rasa kasuwar Gabi uku a jere, ba ta ɗauki fasinja ta kai ba, ta fita daga layi, sauran su yi watandarta. A kwance ta, a kasa kayan kashi-kashi bisa tabarma, a jefa ƙuri'a da tsinke. Kowa ya ɗauki kashi ya ba mai motar buhun hatsi, wanda inji ya faɗo wa ya ba da uku. In kuwa injin ya riga ya mutu, mushe ne, babu hatsi. Ɗan Baba, sarkin tasha, wanda shi ma yake da Katirel shuɗiya, ya ce magana ta yi. Aka shafa fatiha.

Habibu ne mahaucin. Ba wanda ya iya kwance Katirel kamarsa. Daga hantsi zuwa la'asar zai mai da mota kashi-kashi, noti ɗaya bai ɓata ba, gilashi bai tsage ba. Har suka riƙa kiransa Sarkin Fawa, yana jin daɗin sunan. Yana aiki yana ba'a, ya ɗaga radiyato ya ce ga hanta wa ke so, ya jawo wayoyi ya ce ga kayan ciki.

Ta uku da ya kwance ta wani dattijo ce, Maman na Safo. Matarsa ta kwanta a asibitin Maraɗi, ya tafi jinyarta, ya bar motar a tasha lulluɓe da tamfol. Lafiyar motar ƙalau. Habibu ne ke ƙirga kasuwannin. Na ce masa dattijon nan ba gudu ya yi ba, a ƙara masa mako ɗaya. Ya ce in aka ɗaga wa Maman yau, gobe kowa sai ya samo matar da zai kwantar. Washegarin kasuwa ta uku ya kwance ta. Da la'asar Maman ya sauka daga motar Maraɗi, ya binne matarsa kwana biyu da suka wuce, ya tarar da gangar jikin motarsa bisa duwatsu huɗu. Bai yi faɗa ba. Ya roƙi abu ɗaya, rigar kujerar gaba, wadda matar ta ɗinka da hannunta. Rigar ta faɗa a kashin Shamsu, wanda ya fi kowa ƙuruciya a masu Katirel, kuma har ya ɗaura ta a tasa kujerar.

"Baba, tsinke bai san tsoho ba," in ji Habibu, yana goge hannu da tsumma.

Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba, na koma kan facina. Da Maman ya tafi Habibu ya zo ya zauna kusa da ni, ya ɗaga mini yatsu shida. Yana murna da lambar, kamar duk wadda ta ragu an ƙara wa Hajiya kwana. Gaskiya kuwa an ƙara mata. Shi ke kasa kashin, ya san abin da ke da rai da abin da ya gaji, kuma ya iya musanya bayan ƙuri'a. A shekarar 1997 saura uku a tasha: tasa, da ta Ɗan Baba, da ta Shamsu. Injin Ɗan Baba yana hayaƙi kamar an kunna jiƙaƙƙen kara. Akwatin giyar Shamsu yana tofar da giya ta biyu duk lokacin da aka shiga rairayi. Hajiya ita kaɗai ke tashi da murɗa makulli sau ɗaya.

Bayan girbi na shekarar nan, yana ɗora buhu a bayan motar, Habibu ya faɗi. Da ya farfaɗo hannunsa na dama ya mutu, ƙafar dama tana ja, baki ya karkace, magana ba ta fita sai gurnani. Shekararsa arba'in da ɗaya. Muka kai shi gida, aka tura Hajiya aka aje ta a ƙofar gidan.

Ɗan Baba da Shamsu sun zo gaisuwa ranar farko, sun zo ta biyu, sun zo ta uku. Barira, matar Habibu, har ta ce mini ba ta san ƴan tasha na da zumunci haka ba. Ni da nake zaune a waje na ga abin da ba ta gani ba. Sukan tsuguna gaban tabarmarsa su ce Allah ya sawwaƙe, su tashi, sannan su daɗe tsaye gindin motar. Ɗan Baba ya buɗe gabanta wai zai duba masa ruwa. Shamsu ya shiga ya riƙa tura sandar giya yana jawowa, yana kasa kunne. Habibu yana kwance a zaure, ta ƙofa yana ganinsu.

Kasuwa ɗaya ta wuce. Na nemi wanda zai tuƙa motar a madadinsa. Mutum huɗu na samu da suka iya Katirel, kowanne ya ce zai yi shawara, kowanne ya dawo ya ce yana da uzuri. Daga baya ɗaya ya gaya mini gaskiya, cewa sarkin tasha ya ce duk wanda ya taɓa makullin Hajiya kada ya sake neman lodi a Madarunfa. Kasuwa ta biyu ta wuce.

Saura kwana biyar ta uku Habibu ya ja rigata, ya nuna motar, ya nuna hannuna. Ni ban iya tuƙi ba. Shekara ashirin ina cire tayar mota, ban taɓa zama bayan sitiyari ba. Abin da yake nufi shi ne shi ya riƙe sitiyari da hagu, ya taka da ƙafafunsa, ni in zame masa hannun dama. Muka riƙa fita filin bayan gari da hantsi. In ya taka sai ya yi gurnani, ni in tura sandar ko in jawo. Ranar farko sau goma sha ɗaya motar ta mutu. In na yi kuskure sai ya buge ni da goshinsa a kafaɗa, don ba shi da hannun duka. Rana ta huɗu muka zagaya filin sau uku ba ta mutu ba, ya yi dariya da rabin bakinsa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar lokacin nan ba.

Ranar kasuwa Barira ta sa masa farar riga. Muka shiga tasha da giya ta biyu, a hankali, ya tsayar da ita daidai wurin lodi. Kowa ya juyo yana kallonmu. Na zaci Ɗan Baba zai hana mu. Sai ya taho da fara'a, ya yi wa Habibu barka da tashi, ya ɗaga murya ya ce tunda Sarkin Fawa ya daɗe bai yi lodi ba, yau layi nasa ne, shi ne na farko. Ba motar da za ta ɗauki ko mutum ɗaya sai Hajiya ta cika ta tashi.

Na yi masa godiya. Wauta ta ke nan.

Masu zuwa Gabi suka taru, mata da ƙwaryar daddawa da kwandon kifi, dillalan awaki, wani tela da kansa ɗauke da keke. Kowa ya leƙa ya ga shofer da hannu a cinya kamar ba nasa ba, miyau na zuba a gefen bakinsa, ga mai faci riƙe da sandar giya, sai ya ja da baya. Suka koma wajen ta Shamsu. Shamsu ya kulle ƙofofinsa ya ce ba layinsa ba ne. Rana ta ɗaga. Kifi ya fara wari. Ɗan Baba yana zaune a inuwa yana cin goro, duk wanda ya je masa da kuka sai ya nuna Hajiya da haɓa. Kafin azahar mutanen da Habibu ya yi shekara shida yana ɗauka sun kewaye motar suna zaginsa. Tela ya ce wanda Allah ya kayar ba ya tare wa mutane hanya. Wani ya buga rufin motar da tafin hannu. Wata tsohuwa mai daddawa, wadda ya sha ɗauka kyauta, ta sunkuyo ta taga.

"Ɗana, kasuwa na watsewa. Ka tahi gida ka yi jinya, ka bar mu mu nemi abinci."

Ita ce ta karya shi. Ya taka, ya yi gurnani, na jawo sandar baya. Muna juyawa Ɗan Baba ya biyo mu ya dafa taga.

"Gobe da hantsi muna tahe da tabarma. Tunda hannun ba shi aiki, sai a aje maka kujera ka zamna kana nuna muna. Kai ka san gaɓoɓinta."

Muka isa gida da la'asar. Barira ta tafi bakin tabki wanki da ɗiyanta biyu. Na buɗe masa ƙofa in fito da shi, ya ƙi. Ya laluba ƙarƙashin kujera ya jawo kile, ƙarfen kwance noti, ya miƙo mini, ya nuna ƙasan injin. Na gane, don na sha ganinsa yana juye baƙin mai. Na ce masa a'a. Na ce daminar bana ba ta yi ba, rumbunsa rabi ne, buhu uku na inji da ɗaya na sauran kaya za su kai Barira da yaran har shuka. Na ce shi ya yi dokar, kuma ya san abin da ta ce a kan mushe. Yana kallona, kile a hannunsa.

"Abdu," ya ce.

Tun da ya faɗi ba kalmar da ta fita daga bakinsa sosai sai wannan, sunana. Na karɓi kilen na kwanta ƙarƙashin motar na kwance notin. Man ya zubo da ɗumi, ya bi hannuna har gwiwa, rairayi ya shanye. Na mai da notin. Ya tada ta, ta tashi da murɗawa ɗaya. Ya ɗora ƙafar nan mai ja bisa totur ya danne da dukkan nauyinsa. Da farko ƙararta lafiya lau. Can ta fara ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmin da ba hatsi, wari ya tashi, awakin maƙwabta suka watse. Bai ɗaga ƙafar ba. Ta yi ƙara ɗaya mai ƙarfi ta tsaya. Ya kifa goshinsa a sitiyari ya daɗe haka. Ni na ɗebo sabon rairayi na rufe wurin.

Da hantsi suka zo da tabarma biyu da kujerar da aka ce. Ɗan Baba ya murɗa makulli, ba abin da ya motsa. Ya zaro ƙarfen awon mai ya ga a bushe. Ya dube shi, ya dubi Habibu da ke zaune a bakin zaure, ya ce ya ji ana kashe ɗa don kada maƙwabci ya aike shi, yau ya gani. Ya juya ga mutanen da suka taru ya ce su shaida, mushe ne, ba ƙwayar hatsi da za ta shiga gidan nan. Sannan suka kwance ta duk da haka. Ba su iya ba. Suka fasa gilashin gaba, suka yanke wayoyi da wuƙa, inda noti ya ƙi suka sa guduma. Shamsu ya samu akwatin giyarsa. Suka ɗebe tayoyi, ƙofofi, kujeru, har madubi. Habibu bai nuna musu komai ba, bai kuma kau da kai ba har suka gama. Barira tana tsaye bayan zana da wankin jiya a hannu.

Wata biyu bayan haka injin Ɗan Baba ya mutu a hanyar Gabi. Shamsu ya kwashe abin da yake so a jikinta ba ƙuri'a, don ba wanda zai yi ƙuri'a da shi. Saura ɗaya. Na gaya wa Habibu, ina zaton zai ji sanyi. Ya juya fuskarsa ga bango. Gidan kuwa tun kafin azumi fura ta koma sau ɗaya a rana. Barira ta shiga surfe a gidajen mutane. Abin da na iya na kai, ba shi da yawa, kuma ba wani ɗan tasha da ya sake taka ƙofar.

Cikin bazarar 1998 ciwon ya sake bugunsa, da hantsi, ranar kasuwar Gabi. Ma'aikacin gidan likita ya duba shi ya ce sai Maraɗi, kuma yanzu. Motar likita ta tafi da wata mai naƙuda. Manyan motocin Maraɗi sun tashi tun da safe. Na ruga tasha. Katirel ɗin Shamsu ce kaɗai, ta cika saura mutum ɗaya. Na riƙe hannun Shamsu na roƙe shi. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ba ya da ta cewa, lodi a hannun sarkin tasha yake. Na durƙusa gaban Ɗan Baba, a gaban kowa, na ce ya dubi Allah. Ya saurare ni har na gama.

"Malam Abdu, layin Gabi ne wannan, mutane sun shiga. Ka gaya mishi da ya bar injin nan da rai, da yanzu mota biyu ce a tasha, ɗaya ta kai shi."

Ya kira wani mai tunkiya ya cike gurbin, motar ta tashi.

A amalanken jaki muka ɗora shi. Barira ta riƙe kansa a cinyarta, ta yi masa inuwa da mayafinta, ni ina kora jakin. Muna fatan mu kai kwalta mu tare wata mota. Ba mu kai ba. Wajen wata kuka da ke gefen hanya Barira ta ce in tsaya. Na tsaya, na duba, na rufe masa ido. Muka juya jakin. Allah ya jiƙan Habibu, ya yafe masa abin da ya yi wa Maman na Safo, ya yafe mini nawa.

Barira ta yi takabarta a gidan, gangar motar na nan a ƙofa bisa duwatsu. Da ta fita, wanta ya zo daga Safo da amalanke zai tafi da ita da yaran. Na je in taimaka da ɗaurin kaya. An gama, yaran sun hau, sai ta kira ni gefe, ta tsaya nesa kaɗan yadda ta saba.

"Malam Abdu, hannun nan nashi ko ludayi bai ɗagawa. Gudan kuma bai kai ƙarƙashin mota. Wa ya kwance notin?"

Na ce ni ne.

Ta tambaye ni ko na tuna masa da hatsin kafin in kwance. Na ce na tuna masa. Ta tambaya ko na tuna masa da yaran. Na ce har su. Ta ce to. Ba ta ce Allah ya isa ba, ba ta ce ta yafe ba. Ta gyara goyon ƙullin kayanta ta hau amalanken, wanta ya kaɗa jaki. Ƙaramar ɗiyar ta ɗaga mini hannu, uwar ta kama hannun ta sauke shi.